Masuntan da Labaran Ya Fito da Su

Labaran Kyaftin bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin Bagoma, inda yake kifa ciki a kan gora tun yana saurayi, ya kamo tarwaɗa da karfasa, ya kawo rumfarsa da ke unguwar Magajin Gari ya soya. Amma in dai a baki ne, duk Birnin Gwari babu wanda ya kai shi sanin teku.

Asalin abin ya haura shekara ashirin. A lokacin Philemon, abokinsa tun ƙuruciya, yana da gidan kallo na langa-langa. Ya samo kaset na wani fim ɗin Turawa: masunta ne a jirgi mai inji, suka yi nisa cikin teku neman kifi, hadari ya rutsa da su. Ana tsaka da kallo, ruwa ya shiga ɗakin inji, jama'a sun hau kan benci suna salati, sai na'ura ta tauna kaset ɗin. Philemon ya zaro shi kamar hanjin kaza. Haka aka watse ba a san makomar bayin Allah ba.

Bayan mako biyu Labaran ya je Kaduna sayen zaren koma. Da ya dawo aka tambaye shi abin da ya gano a birni, shi kuwa bakinsa ba ya iya zama haka nan. Ya ce, "Ai na ga ƙarshen fim ɗin nan." Kafin mai ya yi zafi a kasko rumfa ta cika. Nan ya shirga musu cewa kyaftin ya sa kowa ya ɗaura jarka biyu a ƙugu, suka yi iyo kwana uku, suka fito gaɓa ba a rasa ko takalmi ba.

Daga ranar aka laƙaba masa Kyaftin, labarin kuma ya riƙa ƙiba duk shekara. Da farko rayukansu kaɗai suka tsira da su. Can gaba suka fito har da kifin. Aka kai lokacin da aka samu wani ɗan garin Kuyello a cikin jirgin, wai shi ne kuku, kuma shi ya kawo dabarar jarka.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya. Philemon ya kalli kaset ɗin har ƙarshe ranar da ya sayo shi, don gwaji, amma bai taɓa tona wa abokinsa asiri ba. Zama kawai yake yi a ƙarshen benci, da an zo wurin jarka sai ya yi gyaran murya, Labaran ya naɗe masa kan tarwaɗa da yaji ya miƙa ba tare da ya kalle shi ba. Shekara ashirin Philemon bai sayi kifi ba, har ya yi tumbi.

Sai daji ya lalace. Mutum ya tafi gona da safe, a yi ta duban hanya har gobe. Hamza, ɗan Inna Mairo mai daddawa, ya tafi gonarsu ta wajen Kakangi damina uku da suka wuce, har yau babu labarinsa. Tun daga nan duk Alhamis take zuwa rumfar, ta sayi karfasa ɗaya, ta zauna ta ce, "Kyaftin, kai ni wurin jarkokin nan." In ya zo inda matan masuntan suka hango kawuna a saman ruwa, sai ta rufe ido. Labaran ya san abin da take saurare, kuma yana jin tausayinta ƙwarai.

Ana nan sai Praise, 'yar Philemon, ta dawo hutu daga Zariya da fim ɗin cikakke a wayarta, ta kuma shelanta wa unguwa cewa ranar Asabar bayan La'asar za a haska shi a tsakar gidansu. Maganar ta iske Labaran a rumfa. Dariyar gari zai iya shanye ta. Abin da ya hana shi sukuni shi ne Inna Mairo, da ta tsaya bakin rumfa tana murmushi ta ce, "Ni ma zan je in gan su da idona suna fitowa."

Ya ɗauki tarwaɗa mafi girma da ya kama a makon ya nufi gidan abokinsa.

"Baban Praise, don girman Allah, da ruwa ya shiga ɗakin inji ka kashe janareta."

Philemon ya ɗaga kifin, ya jinjina nauyinsa. "Kan kaɗai ne nawa, ko har da gangar jiki?"

"Duka."

"To, an gama. Da hannuna zan kashe."

Ranar Asabar gida ya cika, Inna Mairo a bencin gaba da sabon mayafi. Hadari ya taso, ruwa ya shiga ɗakin inji. Philemon ya miƙe da ƙasaita, ya zaga baya, aka ji janareta ya yi shiru. Talabijin kuwa ko ƙyaftawa bai yi ba. Praise ta ce, "Baba, zauna abinka, ai a batirin sola na haɗa."

Jirgi ya nutse. Babu jarka, babu iyo, sai mata tsaye a bakin gaɓa suna duban ruwa. Wani daga baya ya ce, "Kyaftin, ina kukun Kuyello?" Gida ya kece da dariya. Labaran bai ma ji su ba. Ya ratsa mutane, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ki yafe min. Wallahi ban taɓa ganin ƙarshensa ba sai yau."

Ta share ido da bakin mayafi. "Labaran, ni ka mayar yarinya? Jarka, a irin wannan ruwa?" Ta nuna talabijin da haɓa. "Abin da waɗannan suka nuna, kullum ina ganinsa ba sai da sola ba. Ba shi nake zuwa nema wurinka ba. Alhamis ina nan tafe. Ka fito min da su, kada ka bar ko ɗaya a ruwa."

Ranar Alhamis rumfa ta cika da 'yan tsokana. Labaran ya juya kifi a kasko, ya ɗauko labari daga tushe, ya ɗaura wa kowa jarkarsa, ya riƙa fito da su gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan kukun jirgin, sai ya ji bakinsa ya ce yaron ɗan Kakangi ne, can wajen gonar su Hamza. Babu wanda ya yi dariya, Philemon ma bai yi gyaran murya ba.