Laujen da Jobayer Ya Karɓa

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. A ranar Asabar, sha tara ga watan Afrilu, wadda ta yi daidai da shida ga Boishakh, watan girbi a kalandarmu ta gida, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina Jobayer Talukdar. Tsawa ce ta faɗo masa a gonar shinkafa, a fadamar wani ƙauye na gundumar Sunamganj. Shekarunsa ashirin da biyu, yana aji uku a sashen lissafi na jami'armu da ke Sylhet. Ya rasu da lauje a hannu, a gonar da ba tasa ba, yana yanka a madadin wani ɗalibi mai suna Sujon, wanda saura kwana tara ya zauna jarrabawar kammala aji goma.

Sunana Rezwan, ni ne abokin tafiyarsa. An ce in rubuta abin da za a karanta a taron addu'a na sashenmu. Na ce zan rubuta, amma kada wanda ya sa ran zai ji sanyi.

Jobayer, da kai zan yi magana, don kai ne ba ka taɓa barina na ƙawata zance ba.

Bara jami'a ta zaɓi wasu daga cikinmu, ta raba mana riguna masu tambari, ta ce mun zama jakadun karatu. Aka haɗa mu biyu-biyu, kowane biyu da makarantarsu a ƙauye, za su riƙa zuwa Juma'a da Asabar. Aikinmu shi ne mu nuna wa ɗalibai yadda ake yin karatun kansa, darasi kuwa na malamansu ne. Ni dai na shiga don takardar shaidar da za a bayar a ƙarshe, ka kuma sani, don tun a mota ka tambaye ni na faɗa maka. Kai kuwa a irin wannan makarantar ka tashi, ka san abin da ke jiranmu.

Tun daga bakin hanya muka jiyo ajin. Ɗalibai arba'in da ɗaya, kowa na rangaji yana rera amsoshin da ya haddace daga littafin taƙaitawa, kowa na son ya danne muryar na kusa da shi. Malamin ya nuna mana Sujon da alfahari, ya ce wannan ya haddace littafin kimiyya daga bango zuwa bango. Ka ce ya rufe littafin. Ka tambaye shi me ya sa ƙanƙarar da masu kifi ke zubawa a randa take yawo a saman ruwa. Ya kawo maka shafi guda cur, ko numfashi bai ja ba.

Ka ce, "Wannan ai mai littafin ne ya yi magana. Kai me ka ce?"

Ya kai hannu zai buɗe littafin, ka dafe bangon.

"Gaya mini yadda za ka gaya wa kakarka. In ta gane, ka gane."

Ajin ya fashe da dariya, don kowa ya san kakar Sujon ba ta ji sai an yi mata ihu. Daga ranar ka fara abin da ka fi iyawa. Ka koya musu su rufe littafi su rubuta abin da ya zauna musu a farar takarda, sannan su buɗe su ga inda suka zame. Ka sa kowa ya yi ƙaramin littafin da ba a rubuta komai a ciki sai kuskure, ka ce shi za a fara dubawa kullum kafin sabon karatu. Sujon ya taɓa faɗuwa gwajin share fage na makaranta saboda an juya masa tambaya ɗaya ya rasa gabanta da bayanta. A karo na biyu ya haye, littafin kuskurensa kuwa ya fi na kowa kauri.

Kullum jakarka da busasshiyar shinkafa da mazarƙwaila, kana miƙa wa wanda ka lura ya zo bai karya ba, ba tare da ka bari sauran sun gani ba. Ni kuwa ka mayar da ni abin tsokana. Ranar da matsattsaku ya kama mini ƙafa na yi tsalle na zubar da jakar alli a ruwa, sai da ka ba kowa labari har mai shayin tasha. Na yi fushi a lokacin. Yau da zan samu ka sake bayar da labarin, da na zauna na saurara har ƙarshe.

Kuskuren da ya kai mu inda muke nawa ne. A watan Fabrairu na zauna na zana jadawalin bitar ƙarshe, mai launi huɗu, na buga wa kowane ɗalibi nasa. Na ba watan Afrilu awa shida na karatu a kullum. Da na nuna maka, ka yi dariya har ka sarƙe, ka kira ni Bhai, wato ɗan'uwa.

"Bhai, a wace ƙasa za a yi wannan Afrilun naka?"

Na ce haka aka koya mana a wajen horo. Ka ce wanda ya koya mana bai taɓa ganin fadama a Boishakh ba. Shuka ɗaya ce a shekara, ruwa kuma yana iya gangarowa daga duwatsun arewa ya shanye ta a wuni guda, don haka duk mai hannu yana gona. Ka ce mu gama bitar a Maris. Na ce Maris ya yi wuri, za su manta. Na kafe, na raba jadawalina, kai kuma ka ƙyale ni don kada ka kunyata ni gaban ɗalibai. Satin farko na girbi mutum bakwai suka zo, babu Sujon a ciki.

Muka tarar da mahaifinsa, Tara Mia, a masussuka, ƙaiƙayi har cikin gemunsa. Ka gaishe shi da ladabi, ka kira shi Chacha, wato baffa, ka ce, "Chacha, saura sati uku jarrabawa."

Ya ce, "Ruwan ma saura sati uku, ko kwana uku, wa ya sani? Ku 'yan boko, takarda ake dafawa a gidanku? Mu uku ne a gonar nan. In na cire ɗaya, kai za ka ciyar da mu?" Ya tofar da ruwan ganyen da yake tauna, ya ƙara da cewa, "Bana ce kawai. In ya ci ya ci. In bai ci ba, kawunsa ya samar masa gurbi a wajen fasa dutse. Ba ni da shekara biyu da zan ba wa makaranta."

Ka ce, "Chacha, Sujon kake so, ko hannu?"

"Hannu."

"To ga hannu."

Haka aka ƙulla. Muka bar laccocinmu muka tare a makarantar. Yau kai ka riƙe lauje ni in zauna da Sujon da duk wanda ya samu zuwa, gobe mu yi musanya. Kai ka yi yanka kamar wanda bai taɓa barin gona ba. Ni kuwa kwana uku na yi, mutanen ƙauye suna tsayawa su kalli yadda nake riƙe lauje don su samu na dariya, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe.

Ranar Asabar layina ne. Bayan sallar asuba na buɗe maka hannuna, na san abin da nake roƙo. Ka duba, ka ce, "Da wannan hannun ai sai ka ja mana abin kunya. Je ka riƙe alli, ɗan birni." Ka ɗaura zane, ka ɗauki laujen Sujon ka fita. Ban yi musu ba. Daɗi ma na ji, kuma wannan ne abin da ya hana ni cin abinci har yau.

Hadari ya haɗo tun ƙarfe goma. Da safen an yi shela a lasifikar masallaci cewa ruwa ya kusa kai bakin madatsar da ke kare gonakin fadama, saboda haka babu wanda ya bar gona. Muna cikin aji ni da Sujon muna fama da lissafin kusurwa, sai ƙara ta girgiza kwanon rufi. Ya ɗago ya kira ni Bhaiya, wato yaya, ya ce, "Wannan kusa ta faɗi." Na ce masa, "Idonka a kan takarda." Muka ci gaba har kusan minti ashirin kafin mu ji kururuwar mata. Tara Mia yana gefenka, tsawar ta jefar da shi, ya tashi da kunne ɗaya a toshe. Kai aka ɗauko a tabarmar shanya shinkafa.

Washegari aka binne ka a ƙauyenku, kusa da mahaifinka. Bayan an dawo daga maƙabarta muka tsaya a ƙofar ɗaki don gaida mahaifiyarka Monowara, da muke kira Khala, wato inna, wadda ta yi shekara goma tana ɗinkin barguna don ka yi karatu. Ta ɗaga labule ta ce, "Wanne ne yaron?" Aka turo Sujon gaba. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ba ta ce komai ba. Ta saki labulen ta koma ciki. Ina tsaye a bayansa, bakina a rufe.

Ranar Litinin ta jarrabawa na ɗauki mai babur tun da sassafe na je ɗaukarsa. Na same shi a masussuka yana juya shinkafa. Tara Mia, mutumin da ya ce takarda ba ta dahuwa, yana tsugune a gabansa riƙe da katin shiga jarrabawa. Ya ce mini, "Ɗana, na roƙe shi, na zage shi, har hannu na ɗaga masa. Kai ka gwada."

Na gwada. Na ce don wannan ranar ka yi abin da ka yi. Na ce ajali ne, ko a ɗakin kwana kake zai same ka. Na faɗi duk abin da mutane ke faɗa mini ni ma ban yarda ba.

Ya ce, "Bhaiya, na san amsoshin. Wallahi ko yanzu ka juya tambayar yadda ka ga dama zan amsa. Amma ka ga yadda ta kalle ni. Ni in je in ciyo sakamako, ita kuma ta ci me?"

Na zauna a gefensa, mai babur na jira. Ƙarfe goma ake rufe ƙofar zauren jarrabawa a garin ƙaramar hukuma. Muna nan zaune goma ta yi. Jobayer, Sujon bai rubuta ba.

Na ga an buga babban ƙyalle da hotonka za a rataya a ƙofar sashe, an rubuta kalmomi masu daɗi a ƙasa. Ban hana ba. Amma cikin duk waɗanda suka tsara shi babu wanda ya tambaye ni ina ɗalibin yake, kuma wannan ya ƙona mini rai. Ga inda yake: shinkafar ta shigo gida kafin ruwa, Tara Mia ya ce ya ba da wata shekarar, har biyu in ana so, amma Sujon ya aika wa kawunsa cewa a riƙe masa gurbin. Motar masu fasa dutse za ta tashi nan da kwana goma sha biyu.

Ya Allah, Ka jiƙan Jobayer, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka karɓi gumin da ya zubar a gonar wani a matsayin sadaka mai gudana. Ka sa duk abin da ɗalibai arba'in da ɗayan nan za su gane a rayuwarsu ya zama nauyi a mizaninsa. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarsa Shapla, da baffanninsa, da malamansa, da mutanen ƙauyen da suka ɗauko shi a kafaɗa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan haƙurin.

Khala, ke ce ta ƙarshe, don ban san yadda zan fara ba. Na roƙi Shapla ta karanta miki wannan takarda. Ranar da kika tambayi wanne ne yaron, ba a nuna miki daidai ba. Sujon yana inda muka ce ya zauna. Asabar ɗin nan layina ne, ni ya kamata in kasance a gonar, ɗanki ya karɓar mini saboda na nuna masa ciwon hannu. In akwai fuskar da ba kya son gani, tawa ce, kuma ba zan ga laifinki ba har abada. Ba ni da bakin roƙon komai a wurinki, amma zan roƙa. Ki aika a kira yaron nan kafin motar ta tashi. Ubansa ya yi magana, ni na yi, liman ya yi, bai ji ba. Maganarki kaɗai yake jira, ko da kalma ɗaya ce.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya tsaya miki a inda Jobayer yake tsaya miki. Allah Ya jiƙansa da rahama, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.