Takardar da ke Bangon Ɗakin Baba

Shekarun baya, cikin shekarun tamanin, muna zaune a Makera, mahaifina yana gadi a wata masaƙa da ke Kakuri. A bangon ɗakinsa akwai wata tsohuwar takarda cikin gilashi, gefenta da koren ado kamar na kuɗi, a samanta zanen wani mutum riƙe da diga. Kafin Baba ya zo Kaduna ya daɗe yana haƙar kuza a wajen Jos, kuma Baturen da ya yi wa aiki ne ya ba shi ita ranar da zai koma ƙasarsu. Baba bai yi boko ba. A wurinsa takardar shaida ce ta riƙon amana, duk baƙon da ya shigo sai ya sha labarinta kafin ya sha ruwa.

Ni kuwa lokacin na gama sakandare, kaina ya kumbura, ko gaisuwa sai na cusa Turanci. Wata Lahadi amininsa, wani tsohon malamin firamare daga unguwar Television da muke kira Ticha, ya biyo gidanmu bayan an tashi coci. Akwai maƙwabta biyu zaune. Baba ya sauko da takardar, ya goge gilashin da hannun riga.

"Zo ka karanta musu abin da Bature ya ce a kaina."

Ticha ya yi caraf ya ce, "Malam, bar shi, rubutun ya dushe." Ina! Na riga na gyara murya. Na karanta, na fassara dalla-dalla: takardar hannun jari ce ta wani kamfanin haƙar azurfa a Amurka, tun kafin a haifi kakana, da sunan wani Bature can daban.

Na ƙara da cewa, "Baba, ko sunanka babu a ciki." Har da 'yar dariyata.

Maƙwabta suka sunkuyar da kai. Ticha ya harare ni, a nan na gane ya fi shekara ashirin yana ganin rubutun nan, bai taɓa cewa uffan ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya daɗe yana kallon takardar.

"Azurfa? Ni dai kuza na haƙa." Sai ya nuna sunan da yatsa. "Shi wannan ɗin, ya taɓa shiga rami?"

"Ban jin ya taɓa, Baba."

Ya zare ƙusoshin allon da ke bayan gilashin ɗaya bayan ɗaya, ya fito da ita, ya ari biron Ticha ya miƙo mini.

"To ni na shiga. Tunda ka iya boko, rubuta nawa."

Na rubuta, layin ya karkace. Ya mayar da ita bango da kansa, amma daga ranar ban ƙara jin ya ba baƙo labarinta ba.

Yau takardar tana wurina. An ce Turawa na sayen irinsu da tsada, sai dai wai biron ya ɓata ta. Ban damu ba. Abin da ke damuna shi ne muryar Baba yana ba da labarin nan, da na sha gajiya da shi. Allah Ya jiƙansa. Da zan sake samun Lahadin nan, da na ce rubutun ya dushe.