Jif Ɗin da Baba Ya Tono

Wata ranar kasuwa, a shekarar da na shiga aji uku a lekol, an gama yankan gero ke nan, na dawo gida na tarar da ƙofarmu cike da mutane kamar ana suna. Shanun noma biyu na tsaye suna haki, an ɗaura musu igiya, a ƙarshen igiyar kuma wani tulin ƙarfe ne mai tsatsa da ƙafafu uku, an tokare gurbin ta huɗun da gungumen icce. Baba na zaune a kai, ya riƙe kambun tuƙi da hannu biyu, yana amsa gaisuwa kamar kumandan. Wasu makiyaya ne suka nuna masa abin a arewa, wajen Azagor, rairayi ya binne rabinsa kusa da wata tsohuwar rijiya. Ya ba su ragon da muke kiwo don layya, suka taya shi tonowa. Inna ta leƙo, ta dubi ƙarfen, ta dubi turken ragon, ta koma ciki ta ci gaba da daka da ƙarfin da har maƙwabta suka gane ma'anarsa.

Sana'ar Baba gyaran keke da fitila da rediyo ce, amma zuciyarsa na wajen tsofaffin kayan soja. Duk ƙauyen da ya je sai ya dawo da wani abu: hular ƙarfe, gorar ruwa mai lanƙwasa, ɗamara, maɓallan tagulla. Yakan jera su a zaure ya gaya wa baƙi daga wace ƙasa kowanne ya fito. Inna kuma takan jira ya fita. A hular ƙarfe ɗaya kajinmu ke shan ruwa, da wata take auna dusa, ɗamarar kuwa ita ke ɗaure akuyar da ta fi fitina. Hula ta uku ni nake sacewa in je da ita filin lekol, inda muke yaƙi da karan gero, kuma saboda ita maza suka yarda mace ta zama janar.

Kakana na wajen uba yana zaune tare da mu. Ansiyan ake ce masa, kamar yadda ake kiran waɗanda suka yi soja zamanin Faransa. Idanunsa sun yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura, ya daɗe bai wuce ƙofar gida da ƙafarsa ba. Baba ya ce motar ta Faransawa ce. Tsohon ya sa aka kai shi gabanta, ya bi jikinta da tafin hannu har ya iso wasu ƙugiyoyi a gefe, ya ce nan ake rataye shebur da gatari, wannan jif ce ta Amirkawa, aro aka ba Faransawa. Ya zauna a kujerar da babu komai sai ƙarfe, ya ɗan motsa, ya ce tabbas ita ce, ƙugunsa ya gane ta. Daga nan ya ce wa Baba: "Illa, in ka tashe ta ina da rai, ka kai ni filin biki a cikinta. Na gaji da a kai ni a amalanke kamar buhun wake."

Wannan magana ta cinye mana shekara. Ni ce mai kankare tsatsa da rairayi da ruwan tsamiya, bayan na ɗebo ruwa na share tsakar gida, kuma da yake hannuna ƙarami ne, ni ake turawa lungun injin in ciro abin da ya faɗa. Mun tarar da gidan ɓera, da saɓar maciji, da ƙwan wata kazar Inna da ta ƙi tashi daga ƙarƙashin kujera, sai da aikin ya tsaya ta ƙyanƙyashe. Baba ya yi ta zuwa Maraɗi a motar kasuwa yana bin garejoji. Taya ɗaya ta amalanke ce, batir na injin niƙa ne, fenti kuma ya haɗa shi da kansa, ya fito kalar miyar kuka. Da damina ciwon Kaka ya tashi, ya kwanta, Baba ya daina dariya. Inna da kanta ta fara kai masa fura bakin motar.

Injin ya tashi ana gobe bikin Jamhuriya, da wata ƙara da ta tsinka igiyar jakin maƙwabcinmu. Sai dai duk inda Baba ya tura sandar canza gudu, baya motar take yi. Ya kwance, ya ɗaura, ya roƙe ta, ya zage ta, ta ƙi gaba ko taku ɗaya. Da safe Kaka ya fito cikin tsohon kakinsa, lambobinsa a ƙirji, ya tambaya ko ta tashi. Baba ya sunkuyar da kai ya faɗi matsalar. Tsohon ya ce a ɗora shi.

Motar ba ta da madubi, wuyan Baba kuma ya sage saboda kwana ƙarƙashin inji, don haka aka zaunar da ni a baya ina fuskantar hanya, ina faɗin hagu da dama. Ba wanda ya tuna cewa haguna damarsa ce. Kafin mu gane, mun shafi dangar liman, mun watsa tiren mai ƙosai. Haka muka ratsa Dakoro da baya, a hankali, hayaƙi na tashi, rabin gari na biye da mu. Kaka na zaune a gaba, saboda haka yana fuskantar jama'ar, hannunsa a goshi yana sara musu, suna tafi. A bakin fili wani jandarma ya ɗaga hannu zai tsayar da mu, ya ga lambobin tsohon, sai ya mayar da hannun goshinsa. Mushe, malaminmu, da ke jera ɗiyan lekol, ya hango ni, janar ɗin ɗalibansa, a bayan mota ya riƙe baki. Muka tsaya gaban rumfar manya, ba da birki ba, isansi ne, wato man motar, ya ƙare.

Kumandan mai mulkin garin ya sauko daga rumfar yana danne dariya, ya gaida Kaka, ya tambaye shi ko bai ji kunyar shigowa da baya ba. Tsohon ya gyara hularsa ya ce: "Ranka ya daɗe, a can ma haka muka fi tafiya. Shi ya sa ka gan ni da raina." Rumfar ta kece da dariya. Kafin damina ta sake zagayowa ya rasu, kuma har kwanciyarsa ta ƙarshe duk mai zuwa dubiya sai ya ji labarin ranar.

Yanzu ina koyarwa a Maraɗi. In na je gida nakan ga motocin soja sababbi suna wucewa arewa a jere, da gudu, fuskoki a rufe, bindiga a sama. Iyaye mata na kiran yara su shige ciki, titi ya yi tsit har su ɓace, kowa na yi musu addu'a a zuciya. Jif ɗinmu na bayan gida, ƙasa ta fara mayar da ita inda Baba ya tono ta, jikokinsa na hawa suna yin ƙarar inji da baki. Mun yi sa'a, mu da muka san motar yaƙi a matsayin abin dariya.