Yadin da Hajiya Kulu Ta Gyara

Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta sai na tuna wata Litinin, a watana na uku a shagonmu na buga zane kan yadi a Kalgo. Lokacin ina zaman gwaji ne. Maigidanmu, Malam Umaru, ya ce sai ya ga kamun ludayina kafin ya tabbatar da ni.

Aikina shi ne shirya yadi kafin ya shiga inji. Injin fesa tawada yake yi kamar firintar ofis, sai dai a kan auduga. Dole yadin ya kasance ba sitaci, ba maiƙo. Mukan jiƙa shi da sinadarin da ke riƙe tawada, mu busar, mu buga, mu ba shi tururi, sannan mu wanke.

Ranar aka kawo farin yadi daga Gwandu, na wata dattijuwa Hajiya Kulu, za a buga ankon walimar saukar matan Islamiyyarsu ranar Juma'a. Ina buɗe ɗaurin, ƙamshi ya cika shagon, yadin kuma sai ƙyalli yake. Na ɗiga masa ruwa, kamar yadda aka koya mana a makaranta. Maimakon ya tsotse, ɗigon ya zauna a kai.

Na daɗe tsaye. Wataƙila ni ne ban iya ba, wataƙila injin zai shanye matsalar. Daga ƙarshe na samu maigida.

"Ranka ya daɗe, ina jin kamar, in ban yi kuskure ba, yadin nan ba zai karɓi tawada ba."

"Kana ji, ko ka sani? Wanki zai cinye mana kwana biyu."

Na roƙi ya bar ni in gwada a ƙyalle biyu, ɗaya wankakke, ɗaya yadda ya zo. Sannan na kira Hajiya a waya.

"Inna, an yi wa yadin nan wani abu?"

"Mi kuwa? Gyara shi na yi. Na sa aka yi mai ƙaro ya yi ƙarfi, aka kai wa mabuga suka buge shi ya yi ƙyalli, na turara shi kwana ukku. In aiko ma mutane yadi tsirara kamar likkafani?"

Na ce sai mun wanke duk wannan. Ta ce, "Ɗana, kai dai kada ka kunyata ni gaban mata."

Washegari muka wanke ƙyallen biyu bayan bugu. Furannin da muka buga a kan wankakken suka tsaya daram, na ɗayan suka bi ruwa. Malam Umaru ya juya su a hannu, ya ce, "Ɗora tukunya." Sau uku muka wanke yadin da ruwan zafi, ina ɗiga ruwa a kowane yanki har ya tsotse.

Alhamis da la'asar Hajiya ta zo da kanta. Ta duba furannin, ta kai yadin hanci.

"Kyau kam akwai. Amma ba ƙamshi ko kaɗan."

"Yanzu, Inna, ki turara shi son ranki."

Ta yi dariya, maigida ma haka. Mako na gaba aka tabbatar da ni.

Abin da na koya, ina ganin, shi ne mutanenmu ba sa miƙa kaya sai sun girmama shi, injin kuwa bai san girmamawa ba. Shi ya sa nake ce wa sababbin ma'aikata, duk yadin da ya shigo, kafin ku auna shi, ku fara sunsuna shi.