Ƙasar da Ta Ƙi Haƙuwa

Yayana nas ne. Da ya bar aiki a Kano ya koma wani ƙaramin gari can ƙuryar arewacin duniya, ni aka bar wa aikin riƙe wa Inna waya. Duk Lahadi zan hau adaidaita daga Tarauni zuwa gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, mu zauna a tsakar gida, shi kuma ya juya kyamara ya nuna mana inda yake.

Ko'ina fari fat. Dusar ƙanƙara ta danne rufin gidaje, ta rufe motarsa har madubi, itatuwa tsirara babu ko ganye ɗaya. Kafin ya fita aiki sai ya ɗauki shebur ya share hanya, ya watsa gishiri don ƙanƙarar ta narke. Gishirin nan ya fi komai ɓata wa Inna rai. "Abin miya kuke zubarwa a ƙasa?" Shi kuwa sai dariya, tururi na fita daga bakinsa. Ya ce ana idar da La'asar duhu ke shiga. Mutanen unguwarmu suna ta cewa ya haye, ni dai ban taɓa ganin abin sha'awa a wurin ba.

A bakin ƙofarsa ya faɗi, da shebur a hannu. Zuciya ce, in ji abokin aikinsa, wani ɗan Hotoro, wanda ya kira ni ya faɗa min.

Mu a nan in mutum ya rasu da hantsi, kafin Azahar an kai shi. Inna ta yi salati, ta share hawaye, ta ce in tambaya yaushe za a sallace shi. Abokin ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ƙasa ta daskare kamar dutse, maƙabartar garin a rufe take sai sanyi ya wuce. Yaya yana cikin firjin asibiti. Kawo shi gida kuwa ya fi ƙarfinmu.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka karɓi gaisuwa. Duk addu'ar da aka yi Inna tana amsawa, sai in an ce Allah ya haskaka kabarinsa, ita ce kaɗai ba ta ce wa amin. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi arba'in, yana nan a ajiye. Kullum da safe in na leƙa gaishe ta, kafin ta amsa sai ta ce, "An sa shi?" Na tsani tambayar nan, na tsani masu ce min ai can komai a tsare yake. Wane tsari ne zai hana mutum ƙasa?

Sai da zafi ya fara gasa mu a Kano sannan ƙasarsu ta saki. Abokin ya turo bidiyo: taɓo, akwatin gawa, mutanen da ba su cika sahu ba, da wani inji mai igiyoyi yana saukar da shi a hankali. Ban nuna mata ba. Na durƙusa na ce, "Inna, an sa shi."

Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ɗago.

"Wa ya shiga ramin ya karɓe shi?"

Na nemi ƙaryar da zan yi mata na rasa. Na ce, "Babu kowa, Inna."