Malam Sallau Mai Kyamara da Lambar Yabonsa

Duk wanda ya san Malam Sallau mai kyamara a Gusau ya san ba a gaishe shi a wuce salin-alin. Kana cikin "ina kwana" zai runtse ido ɗaya, ya haɗa yatsunsa kamar 'yar taga, ya leƙo ka ta ciki, ya ce, "Gusa hagu kaɗan, haske bai yi ba." Sai ka gusa sannan ya amsa. Ni ƙanen matarsa Yaya Rabi ne, kuma shagon ɗinkina a jikin zaurensu yake, saboda haka babu wanda ya kai ni gusawa. Har limamin unguwarmu sai da ya gusa!

Kafin ya shiga harkar fim, bukukuwa yake ɗauka. Wani Alhaji a Tsafe ya kira shi aurar da 'yarsa, na raka shi ranar kai kaset. Dangi suka cika falo, aka saka. Amarya ta ɗan gilma a farko, daga nan sai ga wata tsohuwa tana shiƙar gero a bayan gida, ƙaiƙayi na tashi cikin hasken la'asar kamar garin zinariya. Aka jira, aka jira, tsohuwa ba ta gama shiƙa ba.

Alhaji ya ce, "Malam Sallau, ina ɗiyata?"

Ya ce, "Alhaji, ɗiyarka ai kana iya zuwa gidanta ka gan ta duk ran da ka so. Wanga haske fa sau ɗaya ya zo."

Na soma laluben takalmana. Ashe tsohuwar mahaifiyar Alhajin ce, kuma tunda take ba a taɓa ɗaukarta ko hoto ba. Alhaji ya ce a mayar da kaset ɗin baya. Har muka yi sallama amarya ba ta sake zuwa bakin kowa ba.

A shekarun nan da Gusau ta zama babban birnin jiha ne wani darakta ya zo daga Kano, ya ɗauke shi aikin wani fim a bakin gulbi, wajen Bungudu. An zo wurin da jarumar za ta yi kuka. Baiwar Allah ta tattaro duk baƙin cikin duniya, hawaye sun cika ido, sai Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Riƙe su tukuna, gajimare ya tare rana."

Ta ce, "Malam, hawaye ne fa, ba canji ba!"

Darakta ya yi ta faɗa, ya rantse in ba a ɗauka yanzu ba zai sallame shi ya nemo wani. Malam ya zauna a kan dutse, ya ciro gyaɗa daga aljihu yana ɓarewa. Ko da gajimaren ya wuce hawaye sun bushe, sai da aka aika gari neman albasa. Kafin albasa ta iso, Fulani suka koro shanu suna ƙetare ruwa a bayan jarumar, rana ta yi ja. Malam ya miƙe tsam, ya ce mata, "Bar kukan. Tsaya kawai ki dubi ruwa." Darakta ya dafe kai, amma bai hana ba.

A gida kuwa kyamarar nan tana da zanenta na musamman, atamfar da ya ƙwace daga akwatin Yaya. Babu mai taɓa ta. 'Ya'yansa biyu a lokacin, Bilki da ƙanenta Auwalu, suna kiranta "Yaya Babba", don sun lura ita ake fara goge wa fuska da safe.

Ranar da Auwalu ya fara tafiya, ina shago na ji guɗar Yaya, na shigo a guje. Yaro ya saki turmi, ya yi taku tangal-tangal har gindin ƙafar ubansa. Malam ya sure shi, ya mayar da shi jikin turmi, ya ce, "Madalla! To, sake, amma ka biyo ta nan inda rana take." Ya ruga ya ɗauko kyamara, ya durƙusa. Auwalu ya dube shi, ya dubi kyamara, ya zauna daɓas a ƙasa. Daga ranar ya koma rarrafe, ya ƙi taka ƙafa sai da aka kusa girbi.

Yaya ta ce, "Ka gani ko? Ɗana ba ɗan wasanka ba ne."

Ya ce, "Ƙyale shi, Rabi. Manyan jarumai duk haka suke, sai an lallashe su."

To, sai ga saƙo daga Kano: masu harkar fim za su yi taron karramawa, kuma aikin nan na bakin gulbi ne aka zaɓa a fannin ɗaukar hoto. Ya zo daidai da haihuwar Yaya ta uku, inda ta sha wuya sosai, tana kwance ko tashi ba ta iya yi. Malam ya ce babu inda za shi.

"Mi zan je yi? Su aiko da ita a motar kasuwa."

Yaya ce ta matsa masa. Ta ce, "Ka je. Inna tana nan, za ta kula da ni da jaririya da Auwalu. Amma ka tafi da Bilki, don ita ce ke hana ni runtsawa." Haka muka hau mota mu uku. Na ɗinka masa babbar riga sabuwa, Bilki ta yi barci a kanta tun daga Tsafe, ta bar masa taswirar yawu a ƙirji.

Zauren taro ya cika maƙil. Aka nuna wurin shanun nan a babban allo, wuri ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Daraktan da ya so korarsa ya fi kowa tafi, yana gaya wa na kusa da shi wai shi ya ba da shawarar a jira rana. Na dubi Malam, na ga idonsa ya kawo ruwa. Aka kira sunansa. Bilki ta ƙanƙame rigarsa, dole ya hau da ita a kafaɗa. Aka miƙa masa lambar, wani ƙarfe mai ruwan zinariya da aka ƙera kamar kyamara, a kan gindin katako. Ya gyara murya zai karanto jawabin da ya kwana biyu yana bita a gabana, sai Bilki ta sunkuyo daidai bakin makirfo.

"Baba, fitsari!"

Kai, jama'a! Lasifika ta kai shi har bakin titi. Malam ko gezau. Ya ce, "Na gode wa Allah, na gode muku. Don Allah ina bayi?" Jawabin ke nan gaba ɗaya, kuma ban ji wanda aka tafa wa kamarsa ba a ranar.

Da muka dawo, ya ajiye lambar a gefen gadon Yaya, ya ɗauki jaririya. Ni na zaci za a sayo kabad mai gilashi. Ina! Ba a jima ba wasu baƙi suka zo daga Kano ganin lambar, aka nema sama da ƙasa, sai ga ta a tsakar gida, Bilki na daka tuwon ƙasa da ita, Auwalu kuma ya gatsa gindin katakon duk shatin haƙori. Kunya ta kama ni, na kai hannu zan karɓa.

Ya ce, "Bar musu, Tela. Tunda aka ba ni ita, yau ne na ga ta yi aiki."

Bai daɗe bayan nan ba ciwo ya kwantar da shi. Ya rame ƙwarai, amma ya hana a kore masa yara. Na shiga duba shi wata safiya, na tarar Auwalu ya hau cikinsa yana sukuwa, Bilki ta ɗaura masa ɗankwali tana masa kwalliya da hoda, 'yar autar kuma na jan gemunsa. Na ce zan fitar da su ya huta. Ya girgiza kai, ya ce a hankali, "Hutun ke nan, Tela."

Yaran nan duk sun girma yanzu, har sun ba mu jikoki. Allah ya jiƙan Malam Sallau, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari. Amin.