Ranar da turmina ya hau bisa kwano

Jiya hadari ya taso, sai ga jikokina suna ture juna wajen sa waya caji. Na yi dariya har da hawaye, don sun tuno mani da kakansu.

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara zagayawa, maigidana Malam ya sauke bunu ya yi mana rufin kwano a Mabai. Farkon damina aka ce iska ta kwashe rufin mutane a Yargoje, mu ma mu shirya. Na ce ya je kasuwar Ƙanƙara ya sawo igiya da ƙusa.

Sai ga shi bisa keke da kananzir, ashana, burodi da kifin gwangwani.

Na ce, "Malam, ina igiyar?"

Ya ce, "Igiyar mi? Kwano ne fa, ba bunu ba."

Na ce, "To, in ya tashi sai mu lulluɓa da burodi."

Yana fita sallar la'asar na kira maƙwabciyata Ladi, muka jingina tsani, muka ɗora turmina da dutsen niƙa bisa kwanon.

Iskar ta zo, ta ɗaga gefen rufin ta mayar, ta gaji ta wuce.

Washegari ba turmin daka, dole muka karya da burodi da kifin Malam. Yana ci yana cewa, "Kin ga amfanin mai hangen nesa?" Ni dai na nuna mashi sama.

Har ya rasu bai yarda turmi ne ya riƙe rufin nan ba. Allah ya jiƙansa.

To jikokina, ku raba mana gardama, wa ya fi gaskiya? Amma ku tuna ni ke tuƙa maku tuwo.